Sawun da ke saman benen Alhaji

Ni fa a zamanina, in ana maganar gina bene a Sakkwato, sai dai a ce ni sannan saura. Har cika baki nake cewa in aka ba ni isasshen bulo, sai na kai gini inda za a miƙa wa wata hannu a gaisa. To ku ji abin da ya rufe mini baki, kuma wallahi ba ƙari a cikin wannan, ko da yake an san ni da ƙari.

Zamanin soja ne, kuɗin mai ya shigo, kowa na rusa ginin ƙasa. Wani Alhaji a unguwar Gidan Dahala, wanda na san shi yana kiwon tumaki ko takalmi ba ya da shi, ya ba ni aikin bene hawa biyu. Da ya ji maƙwabcinsa zai yi uku, sai ya ce in kai masa huɗu.

Mu al'adarmu, ranar da aka zuba simintin rufi, leburori su sauka, babban magini ya jawo tsani sama don kada kowa ya hau ya taka. Haka na yi ranar rufin hawa na uku. Rana tsaka, tsanin na kwance gefena, ina shafe siminti ina 'yar waƙata, sai na ji sallama a bayana.

Wani tsoho ne, fari fat da furfura, ƙafa ba takalmi, tsaye tsakiyar ɗanyen siminti.

Na ce, "Haba Baba! Ka ɓata min aiki!"

Bai kula ni ba. Ya ce, "Benen ga na wa na?"

Na faɗa masa. Ya tambayi sana'ar Alhaji ta farko, na ce kiwo. Ya ce tsere suke da wani? Na ce ƙwarai. Sai ya juya ya daɗe yana kallon yamma, kamar mai jiran motar da ta makara, ya ce, "Ashe har an kawo nan."

Innalillahi! Nan take karatun da na sha ji a bakin Hubbare ina gyangyaɗi ya faɗo mini, cewa cikin alamomin tashin duniya har da makiyaya marasa takalmi su riƙa tseren tsawon gini. Na sunkuya in ajiye cokalin gini, na ɗago, babu kowa. Tsani na nan kwance. Sai sawun ƙafa biyu, babu na zuwa babu na komawa, suna fuskantar yamma. Na shafe su, da ginin ya bushe suka dawo.

Hawa na huɗun nan ban ɗora shi ba. Alhaji ya kore ni, wani ya ƙarasa, ni kuwa na koma ginin katanga da shaguna. Har yau in na fito da safe sai na duba ta ina rana ta ɓullo. Ku ma in kuna ɗora bulo, ku riƙa tambayar kanku da wa kuke tsere.

Ranar da na gaya wa uwargida dalilin barin aikin, ta gama saurarena tsaf tana tankaɗe, ta ce, "To Malam, kai nan ganin kake Allah zai tashi duniyarsa, bulonka kaɗai yake jira?"