Takardar da Na Je Nema Kaduna

Talata: Funtuwa zuwa Kawo

Ƙarfe biyar da rabi, ina idar da sallar asuba, na rataya 'yar jakata na nufi tasha. Matata Rabi ce kaɗai ta san abin da zai kai ni Kaduna. A makarantar da nake koyarwa cewa na yi zan je a duba mini ido. Haka kuma na gaya wa dattijon da muka haɗa kujera a mota, har ya ba ni shawarar in riƙa sa kwalli.

Gaskiyar magana ita ce ina da wa, Yaya Haruna, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana saurayi ciwo ya same shi, ya fara jin muryoyin da ba mai jin su sai shi, yana cewa ana bin sa. Bayan an sha yawon magani, wani aminin mahaifinmu ya kai shi asibiti a Kaduna, a garin kuma ya zauna. Rabona da shi shekara goma sha ɗaya, tun rasuwar mahaifiyarmu. Idan aka tambaye ni 'yan'uwana, ƙannena mata nake lissafawa in yi shiru.

Mako biyu kafin wannan tafiya wata likita ta kira ni, ta ce Yaya ne ya ba ta lambata. Suna bincike kan yadda idon masu irin ciwonsa yake motsi, kuma suna so su gwada har da 'yan'uwansu na jini. Na so in ce ba ni da lokaci, sai na tuna da 'yata Hauwa. Magana ta yi nisa tsakaninta da wanda take so, sai aka raɗa wa danginsa cewa akwai hauka a gidanmu, suka fara jan ƙafa. Na ce a raina, in likita ta gwada ni ta ba ni takardar cewa ƙalau nake, ai na samu abin nuna musu. Abin da ya tashe ni da asuba ke nan, ba zumunci ba.

Mota ta tashi shida da minti goma. Mun tsaya a shingen sojoji kusa da Giwa, aka leƙa aka ce mu wuce. Bakwai da arba'in muna Zariya, na sha koko da ƙosai a tsaye, na canza mota. Aikin hanya ya riƙe mu wajen Jaji, direba yana ta mita. Goma da 'yan mintoci na sauka a Kawo.

Unguwar Shanu

Na ce wa mai Keke Napep ya kai ni Unguwar Shanu inda Yaya yake zaune, ya tambaye ni wane layi. Ban sani ba. Wayar Yaya kuma tana ta ringi ba a ɗauka. Ya sauke ni bakin wani shagon kayan masarufi, na yi wa mai shagon sallama, na rage murya na ce ina neman wani mutumin Funtuwa mai taɓin hankali.

Ya yi tunani, ya ce su dai ba su da irin wannan a nan. Sai na faɗi suna.

"Malam Haruna mai wankin hula kake nufi?" Ya dube ni tun daga sama har ƙasa. "Kai wane ne nasa?"

Na ce ƙanensa ne. Ya kawar da kai, ya fito ya nuna mini lungun da hannu. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na samu Yaya a wata rumfa, hannuwansa cikin kumfa, huluna kife a kan gumaguman itace suna shan rana. Ya yi ƙiba, gemunsa ya yi fari, hannunsa na hagu yana ɗan rawa, ya ce maganin ne ke sa haka. Ya goge hannu a zani ya kama nawa ya daɗe bai saki ba. Ya tambayi Rabi, ya tambayi yarana shida ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har autan da aka haifa bayan rabuwarmu. Ashe duk wanda ya zo daga gida sai ya tsare shi da tambaya.

A ɗakinsa na kwana, ɗaki ɗaya a gidan haya, tsaf da shi. Kwalin maganinsa na kan taga kusa da agogo. Matar mai gidan ta aiko mana da tuwon shinkafa miyar taushe, an ce kullum da kwanonsa. Ya bar mini katifa ya shimfiɗa tabarma, na yi na yi ya ƙi.

Laraba: asibiti

Bakwai da rabi muka fito, bayan shayi da burodi. Keke ɗaya ya kai mu, tafiyar kamar minti ashirin da biyar saboda cunkoson 'yan makaranta. A wurin jira na bar kujeru biyu tsakanina da shi. Da ma'aikaciyar jinya ta zo da takardunta, tun kafin ta tambaya na ce ni rakiya na yi. Yaya ya ji. Ya ci gaba da gaisawa da mutanen da ya sani.

Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar Hauwa da yawa ba. Ta zaunar da mu ta yi bayani da Hausa. Ta ce sunan ciwon sikizofireniya. An lura cewa da yawa daga masu shi, in suna bin abu mai tafiya da ido, idon ba ya tafiya sumul, yana 'yan tsalle-tsalle. Su kuma suna so su ga ko wannan yana tafiya tare da wahalar tattara hankali da riƙe abu a ka. Ta tambaye ni shekarar da ciwon ya fara, da yadda yake kafin nan. Na yi ta kame-kame. Yaya ne ya riƙa gyara mini.

Shi aka fara yi wa, don wannan ne zuwansa na uku. Ya ɗora haɓa a kan wani ɗan ƙarfe, kwamfuta a gabansa, 'yar kyamara tana kallon ƙwayar idonsa. Da aka zo kaina, gwajin farko bai ba ni wahala ba: ɗigon haske yana tafiya dama da hagu, ina bin sa. Na biyun ne ya kunyata ni. An ce in ɗigon ya bayyana a dama in kalli hagu, in ya bayyana a hagu in kalli dama. Sau nawa idona yana zaburar ɗigon kafin in tuna. Tsoro ya kama ni, na ce shi ke nan, abin da nake gudu yana jikina.

Aka ba ni hutu. Yaya ya matso ya miƙo mini ruwa, ya ce a hankali, "Kada ka yi kokawa da shi, Sani. Ja numfashi. Ni ma ranar farko haka na yi ta yi."

Bayan nan aka sa ni maimaita lambobi daga ƙarshe zuwa farko, da haɗa lambobi da haruffa da biro. Sha ɗaya da rabi muka gama. Na ɗauka Yaya ya fita alwala, sai na sunkuya na gaya wa likita buƙatata, da maganar auren Hauwa duka.

Ta ajiye biro. Ta ce wannan bincike ne, ba gwajin gano ciwo ba. Mai lafiya yakan yi kuskure a ciki, mai ciwo yakan yi daidai, sai an tara mutane da yawa ake ganin bambanci. Ba ta da takardar da za ta wanke ni, ba ta kuma da wadda za ta kama ni. Sannan ta ce, "Baba, yayanka shekara da shekaru bai tsallake ranar asibiti ba. In takardar yabo ake nema, shi zan rubuta wa."

Na juya zan fita, sai ga shi tsaye a bakin ƙofa da butarsa.

Hanyar tasha

Muka yi azahar, muka ci shinkafa da wake a wata rumfa a Malali, kusa da gidan wani da ya kai wa huluna. Ya dage sai ya raka ni Kawo. Muna tsaye ana lodin mota ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"In zai sa a yi auren, ka ce musu na rasu. Ba zan zo Funtuwa ba, ba wanda zai gan ni. Kada yarinya ta rasa miji saboda ni."

Ba fushi a muryarsa. Shawara ce yake ba ni, irin ta babban wa. Da ƙyar na ce ya yafe mini. Ya ce bai riƙe ni da komai ba, ai ciwon abin tsoro ne, shi ma da yake ɗauke da shi yana tsoronsa. Ɗan kamasho ya kira ni, na shiga. Mota ta tashi uku saura kwata.

Gida

Ana kiran magariba na shiga gida. Rabi ta tambayi takarda, na ce babu, na ba ta labari tun daga mai shago.

Ranar Juma'a bayan masallaci na je wajen kawun yaron da ke neman Hauwa. Na ce masa abin da suka ji gaskiya ne. Ina da wa a Unguwar Shanu, yana da ciwon ƙwaƙwalwa, yana shan magani, yana cin guminsa, kuma in Allah ya kai mu ɗaurin aure yana sahun gaba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce za su yi shawara. Har yau da nake wannan rubutu ba su dawo ba. Hauwa ta yi kwana biyu ba ta haɗa ido da ni ba. A na uku ta shigo da wayarta ta ce in sa mata lambar baffanta.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa likitar da ta hana ni abin da na roƙa, da mutanen Unguwar Shanu da suka riƙe mini ɗan'uwa shekarun da na sake shi. Wanda duk ya taɓa tambayata 'yan'uwana na ce masa mata ne kaɗai, to ya gyara: mu biyu ne maza, kuma Haruna ne babba.