Rumbun Gwaggo Dorkas

Gwaggo Dorkas, yayar mahaifina, ba ta iya zama ba. Shekara talatin da ɗaya, duk lokacin da rana ta dawo mana bayan watannin duhu, sai ta sauka cikin rumbunta, ramin da aka haƙa a daskararriyar ƙasa. Ta kwashe ragowar naman bara ta rabar, ta kankare bango, ta shimfiɗa dusar ƙanƙara fara sol. A wurinmu nan gaɓar arewacin Alaska, agvik, babban kifin teku, ba kama shi ake yi ba. Shi ke ba da kansa ga gidan da ya ga tsabtarsa. Mijinta Silas ke jan kwale-kwale, amma kowa ya san wa ke kawo kifin.

Bara ta je bayan tudun da take ɗiban dusar ƙanƙarar, ta sa shebur, sai ga wani layi toka-toka a cikin dusar. Ta haƙa gaba, haka. Nasuk, maƙwabciyarta mai canza takardun tace iska a tashar masu bincike, ta nuna mata takarda baƙa ƙirin. Ta ce kunkunniya ce ta gobarar daji da masana'antun wasu ƙasashe, iska ke kawo ta. Idan ta zauna a kan dusa sai ta riƙa shan zafin rana kamar baƙar riga.

"Su yi girki can, ni in wanke tukunya?" in ji Gwaggo.

Kwana huɗu tana nisa da gari kafin ta samo farar dusar ƙanƙara. Silas ya tsokane ta wai ko kifin zai zo da tabarau. Ba ta yi dariya ba.

Kifin kuwa ya zo, aka cika rumbu. Amma dusar gari ta narke da wuri, rana ta samu ƙasa tsirara, daskararriyar ƙasar ma ta soma narkewa. Saura mako biyu bikin rabon nama, na taya Gwaggo ɗaga murfin rumbun. Warin ne ya fara gaya mana. Ruwa ya kai gwiwa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

Nasuk ta yi ta rantsuwa ba laifin Gwaggo ba ne. Gwaggo ba ta musa ba, ba ta kuma yarda ba.

Bana da Silas ya fara gyaran kwale-kwale, ta tsaya a kansa.

"Mayar da shi, maigida. Ba a gayyato baƙo alhali babu masauki."