Sabuwar Jinka a Kan Rumbunan Kawu

Shekarun baya, farkon shekarun tamanin, ina sabon malamin firamare a ƙauyenmu da ke tsakanin Bakori da Danja, aka yi wata damina da ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta gama fid da kai ba. Kafin bazara ta tsaya, gidaje da yawa sun koma ɗora tukunya sau ɗaya a rana. Sai aka aiko daga ƙaramar hukuma cewa za a kawo hatsin taimako, a rubuta sunayen mabuƙata.

Mai unguwa ya ce ni zan rubuta, tunda rubutuna ya fi kyau. Ku zo ku ga yadda kaina ya kumbura. Biro biyu na soke a aljihun gaba, ja da shuɗi, ina taku kamar ni na noma hatsin. Ma'aikacin da ya kawo takardun ya gindaya mana sharaɗi: mai shanun huɗa, mai rufin kwano, da mai rumbu a tsaye, kada a sa su. Na ce wannan ai ido kawai yake buƙata.

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya haɗa duka ukun. Ba wai mai kuɗi ba ne. Auduga ce ta yi masa albarka shekara biyu a jere, ya sayi bijimai biyu, ya buga kwano a ɗaki ɗaya. Baki goma sha bakwai yake ciyarwa. Rumbunansa uku kuwa ana hango su daga hanya, kowanne da sabuwar jinka.

Da safen da zan fara zagaye, mahaifiyata ta ce mini, "In ka je gidan Yaya, ka shiga daga ciki ka gaishe shi."

Na ce, "Iya, wannan fa aikin hukuma ne, ba zumunci ba."

Ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗenta.

Na tarar da Kawu a kan dakalin ƙofar gida tare da mutane huɗu, cikinsu har da mijin babbar 'yarsa. Don kowa ya shaida ba na son kai, sai na ɗaga murya bayan gaisuwa: "Kawu, yaya batun abinci a gidan nan? A sa ku?"

Ya dube ni, ya dubi surukin nasa, ya yi murmushi. "Alhamdu lillahi, malam ƙarami. Asiri a rufe yake. Ka je ga waɗanda suka fi mu buƙata."

Wani daga cikinsu ya ce, "Ai gidan nan ba a magana." Na wuce ina jin daɗi a raina, wai na yi adalci.

Hatsi ya zo, aka raba. Kawu na cikin masu kama wa mutane buhu suna ɗorawa a kan jaki.

Bayan kamar mako uku na je kasuwar Bakori sayen takalmi, na ratsa ta kara, inda ake cinikin shanu. Can na ga bijiman Kawu a hannun dillali. Ba zan kasa gane su ba, ɗaya fari ne mai gutsuren ƙaho, ni ma na sha jan igiyarsa a gona. Ga hadari ya fara haɗuwa, lokacin da manomi ya fi buƙatar shanunsa. Ban sayi takalmin ba.

Ina isa gida na tambayi mahaifiyata. Ta ce, "Rumbu biyu tun sanyi babu komai ciki. Na ukun ya ƙare ranar da ka je da bironka. Tuwon da kake ci a gidan nan tun kaka, daga ina kake zaton yake fitowa?" Tun rasuwar mahaifina, Kawu ne ke aiko mata da awo duk Juma'a, ni kuwa ina ganin ɗan albashina ne ke riƙe da gidan. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Wannan karon na shiga daga ciki. Na ƙwanƙwasa jikin rumbun farko, ya amsa mini kamar ganga. Kawu na zaune yana gyara ƙotar garmar hannu.

Na ce, "Kawu, to jinkar fa?"

Ya ce, "Ciyawa ai ba saye ake yi ba. In na bar su tsirara, duk mai wucewa ya san halin da iyalina ke ciki."

"Me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

Bai ɗago ba. "A gaban mijin 'yata ka tambaye ni, ɗana."

Na ruga wurin mai unguwa. Ya ce an rufe takarda, ko mudu ɗaya bai rage ba.

Tun daga nan, duk lokacin da na ji ana rabon taimako a karkara, mutane irin Kawu nake tunawa. Talaka tilis kowa ya san ƙofarsa. Mai hali ba ya buƙata. Na tsakiya kuwa, abin da ya tara a shekarun albarka shi ke hana a dube shi ranar da ya rasa, kuma sau da yawa shi ke ɗauke da wasu gidajen a ɓoye. Ba sharaɗin ma'aikacin kaɗai nake zargi ba. Shi baƙo ne. Ni a garin aka haife ni, na san magidanci ba ya cewa babu a gaban suruki, kuma mahaifiyata ta gaya mini inda zan tsaya.

Kawu bai taɓa tayar mini da zancen ba, bai kuma daina kirana malam ƙarami ba. Amma bai sake mallakar shanu ba. Damina goma sha ɗaya ya ƙara a duniya, duk a duƙe da garmar hannu, karkiyar tana rataye a zaure har ya rasu. Daga dakalin ƙofar gidansa zuwa tsakar gida taku goma sha biyu ne. Na sha ƙirgawa.