Malamin da Ke Koya wa Doki Zaman Sirdi

A filin koyon hawan doki akwai wani malami siriri, ƙafafunsa sun lanƙwashe kamar baka saboda daɗewa a kan sirdi. Ɗalibinsa na yau shi ne mai filin da kansa. Duk sanda doki ya tashi tsallake shinge, sai maigida ya kwanta baya, ya finciki linzami, ya dawo kan sirdi kamar buhun siminti.

Malam yana kallo yana cije leɓe. Da alama ya taɓa gaya wa wani babba gaskiya ya rasa aikinsa. Don haka gaban dokin yake zuwa, ya nuna shi da yatsa.

"Kai, sau nawa zan faɗa maka? Sunkuyo gaba, danna dugadugai, sassauta hannu, ka daina kallon ƙasa."

Yana faɗa yana satar kallon maigida, ko zai tsinci nasa a ciki.

Maigida ya share gumi. "Gaya masa dai, malam. Dokin nan ba ya jin magana. In bai gyara ba, a sayar da shi."

Malam ya shafa wuyan dokin, a hankali ya ce, "To, ka dai ji."