Aili Koskela da Lamba 561

Ƙarfe biyar da rabi na safe Aili Koskela ke buɗe ɗakin fitilu a bakin ramin ma'adinanmu, ta ɗora kofi, ta goge allon ƙusoshi. Shekara talatin da ɗaya tana haka, sai Juma'ar nan za ta ajiye aiki.

Mu talatin da uku ne a rukunin safe, kowa da 'yar tagullarsa mai lamba, daga ɗaya zuwa talatin da uku. Ka tafi da ita ƙasa, in ka fito ka rataye a duk ƙusar da ka samu. Shugabanmu Gaetan ya ƙirga, in sun cika a tayar da nakiya. Ita Aili ba ta yarda da ƙirga ba, tara lambobin take yi a ka, kuma dole jimilla ta ba da 561.

Mun sha yi mata tsiya a kan lambar nan, don tana maganarta kamar wata maƙwabciya. Wai lambar munafuka ce: akwai gwajin da ake gane lambobin da ba sa rabuwa, 561 ta ci shi tsaf, alhali uku da sha ɗaya da sha bakwai duk suna raba ta. Kuma ita ce ƙarama a duk masu wannan hali. Mukan ce ta ba mu fitila mu tafi.

Wata Talata, shekaru da yawa da suka wuce, da ƙarfe uku na rana Gaetan ya ƙirga talatin da uku cif, ya nufi makunnin nakiya. Ni kuwa, mai lamba sha biyu, ina can ƙasa dutse ya danne mini ƙafa, taku arba'in daga inda aka dasa ta. Waɗanda ke wurin sun ce Aili ta tare masa ƙofa da jikinta.

"Gaetan, ɗari biyar da tamanin da uku na samu."

"Aili, ba aji muke ba, mutane na son tafiya gida."

"Akwai wanda bai fito ba, kuma akwai wanda bai kamata ya fito ba."

Suka bi allon ɗaya bayan ɗaya. Babu sha biyu. A ƙusar ƙarshe akwai talatin da huɗu, tagullar Wasyl Hryniuk, wanda rami ya rufta da shi shekara tara kafin nan. Gaetan da hannunsa ya saka ta a aljihun mamacin ranar jana'iza. Aili ta ce da ta taɓa ta a jiƙe take, ga sanyi. Har yau babu wanda ya ce shi ya rataye ta, mu ma mun daina tambaya. Ni dai ina jin tsoron zancen.

Ke ce, Aili, kika ƙi matsawa har aka sauko aka ciro ni. Ba ki taɓa goranta mini ba, sai dai ki ce in daina zubar miki da kofi a kan tebur.

Duk wanda aka ba amanar allo, a rami ko a ko'ina, ya yi irin na matar nan, ya duba su wane ne kafin ya ce sun cika.

Na gode, Aili. Lokacin da kika tare ƙofar nan matata na da cikin wata biyu, ban ma sani ba. Yarinyar da ta haifa ce za ta tura kekena na guragu zuwa walimarki ranar Juma'a.