Motar Malam Bitrus da Hawan Jos

A shekara talatin da na yi ina gyaran mota a Gwarzo, ranar da ta ƙi barin zuciyata ita ce wata Talata, cikin bazarar da ake shirin ƙaddamar da Shari'a a Kano. Lokacin ni ne babban makanike a garejinmu na bakin tasha. Rayuwa ta yi tsada, sabon kayan gyara ya gagari kowa, sai dai a liƙa tsoho a ci gaba.

Da hantsi sai ga Malam Bitrus. Mutumin Filato ne, Kirista, yana koyar da lissafi a wata sakandare a Kabo, amma a unguwarmu yake zaune kusan shekara ashirin. 'Ya'yana mata biyu a tabarmarsa suka iya lissafi. Motarsa tsohuwa ce 'yar Kwatano, mai shan gas, mai turbo, kuma tun da ya saye ta babu wanda ya taɓa kwance mata noti sai ni.

Bayan mun gaisa ya ce, "Malam Sani, an ce in cire intakular da ta zo da ita, in sa babba. Me ka gani?"

Ga waɗanda ba su sani ba, turbo yana matsa iska ya tura wa inji, iskar kuwa tana fitowa da zafi. Intakula, wadda ta yi kama da ƙaramin lagireto, ita ke sanyaya iskar kafin ta shiga. Idan ta kasa, mota takan yi nauyi, musamman a kan hawa.

Na ce, "Malam, tsakanin Gwarzo da Kabo wane hawa ke akwai?"

Ya kalli taya. Sannan ya ce, "Da kaya za ta hau Jos. Da iyali, da keken ɗinkin maman yara."

Sai a nan na fahimta. Babu wanda ya taɓa shi a garinmu, ko kallon banza. Amma tun da aka yi rikici a Kaduna 'yan'uwansa ke aiko masa da saƙo ya dawo gida, matarsa ta daina barci, albashi kuma ba ya kai su tsakiyar wata.

Na buɗe bonet. Cikin minti goma na ga matsalar: tiyon da ke kai iska ya tsage ta ƙasa, mai da datti sun toshe haƙarƙarin intakular. Ita kanta lafiyarta ƙalau.

Zan gaya muku abin da ya zo mini a rai, don ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da na ce masa lallai a canza, sai an je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano an nemo, a yanka bamba, a ƙera sababbin bututu. Zan iya jan aikin wata guda, ko biyu. Kafin nan wataƙila hankula sun kwanta, ya fasa tafiyar. Na daɗe tsaye da sifana a hannu ina wannan tunani.

Amma na san babbar intakula a wannan tsohuwar mota za ta tare wa lagireto iska. Inji zai iya tafasa da su a tsakiyar dajin Falgore, da mace da yara huɗu.

Na ce, "Ka bar ta kamfani. Ga nauyin injin nan aka auna ta. Wanki take so da sabon tiyo."

"Zai ɗauki kwana nawa?"

"Kafin azahar."

Na ga fuskarsa ta canza. Ina jin shi ma ya so in ce wata guda.

Na kwance ta, na wanke da kananzir, na shanya, na ɗaura tiyo na matse. Muka fita gwaji ta hanyar Kabo, ni ke tuƙi. Motar ta riƙa ja kamar sabuwa. Da muka dawo muka tsaya sai ya ce, "Hannunka na da kyau, Malam Sani." Ban taɓa jin yabo ya yi mini ɗaci irin wannan ba.

Ranar Asabar suka tafi. Maƙwabta suka fito, mata na kuka. Bayan wata biyu wani direba ya kawo mini takarda: sun isa lafiya, mota ko tari ba ta yi ba, zai zo ziyara bayan damina. Bai zo ba. Shekara huɗu bayan nan direban ya ce mini an binne shi a ƙauyensu.

Ku da kuke koyon aikin nan, ku faɗa wa mai mota gaskiya ko da ba za ta yi muku daɗi ba. Amma kada wani ya ce muku gaskiya tana sa a ji sanyi a zuciya. Na yi aiki mai kyau a ranar, kuma shi ya raba ni da abokina.