Akun Babana da Kunaman Ruwa

Ni majemi ne, ɗan majemi. Nasara ba su daɗe da zama a Sakkwato ba aka kawo mini wata fata da ban taɓa ganin irinta ba. Faffaɗa ce kamar faifai, ga doguwar wutsiya mai ƙaya. Tafintan wani Bature ne ya kawo ta. Ya ce kifi ne, sunansa kunaman ruwa, daga kogin Yawuri aka kamo shi. Wai masunta kan shekara ba su ga ɗaya ba, shi ya sa Baturen yake son a gyara masa fatar ya kai garinsu. Na ce a raina, abu ya yi ƙaranci, maganinsa kuma a kashe wanda ya rage? Na dai jeme ta, aiki ne.

Ranar karɓa Baturen ya zo da kansa. Yana shiga zaure, akun da babana ya bari ya yi gyaran murya, ya ce, "Wa ke nan?" Muryar marigayi sak, har da tarinsa. Fatake ne suka kawo masa shi daga kurmi, tokatoka mai jar wutsiya. Baturen ya tsaya ya ƙura masa ido.

Tafinta ya ce, "Shina son tsuntsun ga. Ya ce su ma sun fara wuyar samu. Ka feɗe shi, ka cusa mai auduga, jibi a zo a ɗauka."

Na ce, "Hwaɗa mashi wanga ba kihi ba na. Kihi ya zo min matacce. Wanga kullum da sahe shina gaishe ni da muryar ubana."

Tafinta ya ce in yi hankali, jibi da dogari za su zo.

Kunaman ruwa da dafinsa ma bai tsira ba, balle aku da ba shi da komai sai baki. Washegari na miƙa shi ga wani madugu da ayarinsa zai yi kudu, na roƙe shi ya sake shi a kurmi.

Da tafinta ya dawo da dogari na ajiye musu kejin akun a ƙofa, babu kowa ciki. Na sha kwana uku a tsare, ban yi nadama ba. Amma har yau in na shiga zaure da safe nakan ɗan tsaya, babu mai tambayata wa ke nan.